Celador: yadda shirin kacici-kacici guda ɗaya ya gina kamfanin talabijin a Birtaniya

Wani ɗalibi da ke karatun aikin jarida ya aiko da tambaya yana cewa tun yana yaro yake kallon shirin nan na kacici-kacici da Frank Edoho ke gabatarwa, wato Who Wants to Be a Millionaire?, kuma sai kwanan nan ya ji cewa asalin shirin na wani kamfani ne a Birtaniya. Yana so ya san wane kamfani ne wannan, yaya aka yi ya girma, waɗanne ayyuka ya fitar, kuma ta wace hanya kamfanin da ba shi da tashar talabijin ta kansa yake samun kuɗi har sunansa ya zagaya duniya.

Sunan kamfanin Celador, kuma a birnin Landan aka kafa shi a shekarar 1983. Wanda ya jagoranci kafa shi shi ne Paul Smith, mutumin Belfast da ke Ireland ta Arewa, wanda ya riga ya daɗe a aikin talabijin kafin nan, kuma cikin masu hannun jari a kamfanin akwai ɗan wasan barkwanci Jasper Carrott. Amsar tambayarka a taƙaice, ɗan'uwa, ita ce arzikin Celador ya fito ne daga riƙe haƙƙin mallakar tsarin shiri guda ɗaya, bayan shekaru goma sha biyar yana aikin kwangila kamar kowa. Sai dai kafin a fahimci wannan magana dole a san yanayin kasuwar da kamfanin ya tashi a cikinta, domin ta bambanta ƙwarai da wadda muka saba da ita.

Har zuwa farkon shekarun 1980 talabijin a Birtaniya yana hannun gidaje biyu ne kawai, BBC da kuma rukunin kamfanonin yankuna da ake kira ITV, kuma kusan duk abin da suke nunawa ma'aikatansu ne ke shiryawa a cikin sutudiyonsu. Mai basirar da ba ya cikin waɗannan gidaje ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Abin ya canza a watan Nuwamba na 1982 lokacin da aka buɗe tashar Channel 4, wadda aka tsara ta tun daga tushe a kan cewa ba za ta riƙa shirya shirye-shiryenta da kanta ba, za ta riƙa ba kamfanoni masu zaman kansu kwangila ne su shirya mata. Cikin 'yan shekaru ƙananan kamfanoni suka yi ta ɓullowa a Landan, wasunsu ba su wuce mutum uku da ofishi mai ɗaki ɗaya ba. Daga baya dokar watsa shirye-shirye ta 1990 ta wajabta wa BBC da ITV su sayi aƙalla kashi 25 cikin 100 na wani rukunin shirye-shiryensu daga irin waɗannan kamfanoni. Celador ɗan wannan zamani ne, shekara ɗaya kacal tsakanin buɗe Channel 4 da kafa shi.

Akwai bambancin da ya kamata ka riƙe a nan. A Najeriya furodusa mai zaman kansa shi ne sau da yawa yake sayen lokaci a tasha, sannan ya shiga neman kamfanonin da za su ɗauki nauyin shirin ko su sa talla, kuma idan bai samu ba asarar tasa ce. A Birtaniya tasha ce ke biyan kuɗin shiryawa, furodusa kuma ya samu ladan aikinsa, wani kaso kaɗan a kan kasafin kuɗin. Wannan tsari yana da kwanciyar hankali, amma a wancan lokaci yana da tarko, domin tashar da ta biya kuɗi ita ce yawanci take riƙe haƙƙin shirin gaba ɗaya, har da sayar da shi ƙasashen waje. Furodusa ya zama kamar magini da aka ba aikin gida, ya gina, aka biya shi, ya tattara kayan aikinsa ya tafi, kuɗin haya kuwa har abada na mai gida ne. Kamfanoni da yawa sun shekara goma suna fitar da kyawawan shirye-shirye ba tare da sun tara wata kadara da za a iya sayarwa ba.

Ayyukan Celador na farkon shekarunsa irin wannan aikin kwangila ne. Ya shirya wa BBC shirye-shiryen barkwanci na Jasper Carrott, ciki har da The Detectives wanda aka nuna daga 1993 zuwa 1997, ya kuma shirya wa ITV wani wasan kyauta mai suna Talking Telephone Numbers a tsakiyar shekarun 1990. Ayyuka ne masu kyau da suka riƙe ma'aikata suka biya albashi, amma ba wanda zai tuna da kamfanin a yau saboda su. Abin da ya fi muhimmanci a waɗannan shekaru shi ne mutanen da suka taru a kamfanin. Akwai marubuta biyu, Mike Whitehill da Steven Knight, da ke rubuta wa Carrott barkwanci, akwai kuma David Briggs wanda ya fito daga gidan rediyon Capital, inda ya daɗe yana ƙirƙiro wasannin kyauta na masu sauraro a shirin safe na Chris Tarrant. Waɗannan mutum uku su ne suka tsara wasan da aka fara kira Cash Mountain, kafin a sauya masa suna.

Ba a karɓi wasan da hannu biyu ba. Ya ɗauki shekaru ana kai shi ana dawo da shi, kuma dalilin a fili yake: babu shugaban tasha da yake son ya sa hannu a kan shirin da zai iya cin fam miliyan ɗaya a dare guda. Labarin da aka sha bayarwa a masana'antar shi ne Smith ya shawo kan David Liddiment, shugaban sashen shirye-shirye na ITV, ta hanyar sa shi ya buga wasan a ofishinsa da kuɗin aljihunsa, har mutumin ya ji a jikinsa abin da ɗan takara zai ji idan aka ce masa ko ya tsaya da abin da ya samu ko ya ci gaba ya iya rasa shi. An kuma warware matsalar kuɗin kyauta da wata dabara: duk mai son shiga gasar sai ya buga waya a layi mai tsada, kuma daga kuɗin waɗannan kiraye-kiraye ake tara abin da za a biya waɗanda suka yi nasara. Wato 'yan kallo ne da kansu suke tara kuɗin da ɗayansu zai ɗauka, kamar adashin da mutum ɗaya cikin dubbai yake kwasa.

An fara nuna shirin a ITV ranar 4 ga Satumba, 1998, Chris Tarrant yana gabatarwa, kuma maimakon sau ɗaya a mako kamar yadda aka saba da irin waɗannan wasanni, sai aka jera shi dare bayan dare, abin da ya sa ya zama zancen gari cikin mako guda. A watan Maris na 1999 akwai daren da mutum fiye da miliyan 19 suka kalle shi, a ƙasar da yawan jama'arta a lokacin bai kai miliyan 60 ba.

Yana da kyau a tsaya a dubi yadda aka ƙera wasan a tsarinsa na asali, domin wannan ƙira ita ce hajar da kamfanin ya sayar wa duniya. Tambayoyi 15 ne, kowace da amsoshi huɗu. Ana farawa daga fam 100, kuɗin yana hawa har fam miliyan ɗaya. Akwai matakai biyu na tsira, fam 1,000 a tambaya ta biyar da fam 32,000 a tambaya ta goma, waɗanda idan mutum ya kai su ba zai koma ƙasa da su ba. Akwai damar neman agaji sau uku: a cire amsoshi biyu da ba daidai ba, ko a tambayi 'yan kallon da ke cikin sutudiyo, ko a buga wa wani aboki waya na daƙiƙa 30. Amma abin da ya bambanta shi da wasannin da suka gabace shi, a ganina, ƙa'ida ce ƙarama da mutane ba sa lura da ita, wato ɗan takara yana ganin tambayar da amsoshinta kafin ya yanke shawarar ko zai amsa ko zai tafi da abin da ke hannunsa, kuma a tsarin asali babu agogon da ke matsa masa. Ka ɗauki mutumin da ke da fam 500,000 yana kallon tambaya ta ƙarshe. Idan ya yi shiru ya miƙe, ya tafi gida da rabin miliyan. Idan ya amsa ya kuskure, ya faɗo fam 32,000, ya zubar da fam 468,000 da bakinsa. Kyamara tana kan fuskarsa, mai gabatarwa ba ya gaggawa, yana ma sake tambayarsa ko wannan ce amsarsa ta ƙarshe, mai kallo a gida kuma yana ganin amsoshin nan huɗu a kan allo yana ta yi masa ihu daga falo. Ilimin ɗan takara ba shi ne abin kallon ba sosai, abin kallon shi ne mutum yana kokawa da kwaɗayi da tsoro a gaban jama'a.

An gina komai na sutudiyo don ya ƙara wannan fargaba. Wasannin kyauta na da suna da haske da launuka da raha, wannan kuwa an yi masa dandali mai kama da da'ira, kujeru biyu dogaye suna fuskantar juna a tsakiya, fitilu suna sauka ƙasa suna duhunta wurin yayin da kuɗi ke ƙaruwa. Kiɗan, wanda Keith Strachan da ɗansa Matthew suka tsara, ba ya tsayawa kusan duk tsawon wasan, yana bugawa kamar bugun zuciya, kuma sautinsa yana ɗan ƙara hawa daga tambaya zuwa tambaya ta yadda mai kallo zai ji an matse shi ba tare da ya san dalili ba. Sai da aka shekara biyu ana wasan kafin wani ya ci miliyan ɗin a Birtaniya. Judith Keppel ce ta fara, a watan Nuwamba na 2000, da tambayar wane sarki ne ya auri Eleanor ta Aquitaine, amsar kuwa Henry na Biyu.

Yanzu ga inda girman kamfanin ya fito. Celador bai miƙa wa ITV haƙƙin sayar da tsarin a ƙasashen waje ba, ya riƙe shi a hannunsa. Don haka lokacin da tashoshin duniya suka ga alkaluman 'yan kallo suka fara layi, ƙofar Celador suka nufa. A watan Agusta na 1999 tashar ABC ta Amurka ta fara nata, Regis Philbin yana gabatarwa, kuma cikin 'yan watanni ya zama shirin da aka fi kallo a ƙasar, yana tara mutum kusan miliyan 30 a dare. A watan Yuli na 2000 tashar Star Plus ta Indiya ta fara Kaun Banega Crorepati, da kyautar kuɗin Indiya rufi miliyan 10, kuma wanda aka ɗora a kujerar gabatarwa shi ne Amitabh Bachchan, wanda ba sai an gabatar da shi ga mai karatu Bahaushe ba. A lokacin tauraronsa ya dusashe, kamfaninsa na fim ya jefa shi cikin bashi, kuma wannan shiri ne ya dawo da shi idon duniya. A Najeriya an fara a 2004, kamfanin Ultima ne ke shiryawa, MTN ke ɗaukar nauyi, kuma a 2009 aka samu wanda ya cinye naira miliyan 10. Gaba ɗaya an sayar da tsarin a ƙasashe fiye da 100.

Mai tambaya zai iya cewa, to me ya hana kowace tasha ta kalli shirin ta kwaikwaye shi kyauta? Tambaya ce mai kyau, kuma dokar Birtaniya ba ta ba masu ƙirƙirar tsari kariya mai ƙarfi ba. A 1989 wani tsohon mai gabatar da shirye-shirye, Hughie Green, ya sha kaye a shari'ar da ya kai gidan talabijin na New Zealand bisa zargin sun kwafi gasarsa ta masu hazaƙa, alƙalai suka ce tsarin shiri irin nasa bai cika sharuɗɗan aikin da dokar haƙƙin mallaka ke karewa ba. Saboda haka abin da Celador ke sayarwa ya wuce ra'ayi. Yana sayar da sunan da aka yi wa rajista, da tambarin, da kiɗan, da zanen dandali, da manhajar kwamfutar da ke fitar da tambayoyi da sarrafa fitilu, da kuma wani kundi mai kauri da ke bayyana yadda ake yin komai, tun daga zaɓen 'yan takara har zuwa yadda ake jera tambayoyi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Sannan yana tura ƙwararrunsa su je su zauna da masu shiryawa a kowace ƙasa har shirin ya tsaya da ƙafafunsa. Kamfanin ya yi suna wajen tsaurin kai a kan wannan, shi ya sa wanda ya kalli na Legas ya kalli na Mumbai zai ga kujeru iri ɗaya, ya ji kiɗa iri ɗaya. Tashar da ta sayi lasisi tana sayen abin da aka riga aka gwada aka ga ya yi aiki, kuma wannan ya fi mata arha a kan ta kashe kuɗi a kan kwaikwayon da zai iya rushewa a zango na farko, ga kuma barazanar lauyoyi.

Kuɗin yana shigowa ta ƙofofi da dama: ladan shirya na Birtaniya, kuɗin lasisi daga kowace ƙasa a kan kowane kashi da aka nuna, da kuma kayayyakin da ke ɗauke da sunan shirin, irin su littattafan tambayoyi da wasannin kwamfuta da na tebur, waɗanda aka yi ta rububinsu a kusa da shekarar 2000. Mafi daɗin wannan ciniki shi ne kuɗin lasisi kusan duk riba ne, tunda wata tasha ce a wata ƙasa ke biyan ma'aikata da sutudiyo da kyautar.

Ni kaina na koyi wannan darasi da tsada. Shekarun baya na tsara wa wata tasha gasar kacici-kacici ta 'yan makarantun sakandare, na rubuta ƙa'idojin, na zana yadda dandali zai kasance, na nemo mai ɗaukar nauyi, muka yi zango ɗaya bisa amana ba tare da takarda ba. Da zango na biyu ya zo sai na ga shirina a allo da sabon suna da sabon mai gabatarwa, ƙa'idojin kuwa ko waƙafi ba a canza ba. Ba ni da abin da zan nuna wa lauya, domin ban yi wa sunan rajista ba, ban rubuta kundin tsari ba, ban kuma sa kowa ya sa hannu a kan cewa tsarin nawa ne ba.

Girman ya zo wa Celador da nasa ciwon kai. A watan Satumba na 2001 wani manjo na sojan Birtaniya, Charles Ingram, ya amsa tambayoyi 15 duka, amma ma'aikatan sutudiyo suka lura da wani tari da ke fitowa daga cikin masu jiran shiga gasa a daidai lokacin da yake ambaton amsar da ke daidai. Kamfanin ya dakatar da biyan kuɗin ya kai maganar ga 'yan sanda, kuma a watan Afrilu na 2003 kotu ta samu Ingram da matarsa da wani malamin kwaleji da laifin yaudara, ko da yake sun ci gaba da musanta zargin. Ga kamfanin da hajarsa ita ce amincewar jama'a cewa wasan na gaskiya ne, babu wata hanya da ta rage masa illa ya bi maganar har ƙarshe. A Amurka kuma matsalar ta zo ta wata fuska: ABC ta ga ta samu saniyar tatsa, ta riƙa nuna shirin har dare huɗu a mako, jama'a suka gundura, kuma a 2002 aka cire shi daga lokacin da aka fi kallo, ya koma shirin rana. Mai tsari ba shi da cikakken iko a kan yadda mai lasisi zai yi amfani da hajarsa, kuma tasha tana iya ƙona shiri cikin shekara uku don ta cike giɓin kasafinta.

Rigimar da ta fi kowace girma ita ce ta kuɗi da kamfanin Disney, mai mallakar ABC. Yarjejeniyar ta ba Celador rabin ribar da shirin zai kawo a Amurka, sai ga takardun lissafi suna nuna cewa shirin da ya mamaye ƙasar wai asara yake yi. Celador ya shigar da ƙara a 2004, yana zargin cewa rassan Disney sun yi ciniki a tsakaninsu, reshen da ke shiryawa ya ba reshen da ke nunawa shirin a kan farashin da ba zai bar riba a takarda ba, alhali kuɗin talla yana zuba a ɗaya aljihun. A watan Yuli na 2010 masu taimaka wa alƙali a wata kotun tarayya a jihar Kalifoniya suka yanke cewa a biya Celador dala miliyan 269, da aka haɗa da kuɗin ruwa ya kai kusan dala miliyan 319, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2012. Duk wanda zai sa hannu a yarjejeniyar da ta ce za a ba shi kaso daga riba, ya fara tambayar wa zai yi lissafin ribar, da kuma me za a cire kafin a kira abin da ya rage riba.

Idan aka koma kan yawan abin da kamfanin ya fitar, gaskiyar magana ita ce bai taɓa maimaita wannan nasara a talabijin ba. Ya shirya wa BBC wasan Winning Lines daga 1999, ya shirya wa Channel 4 shirin gyaran cin abinci You Are What You Eat daga 2004, da wasu da dama da suka zo suka wuce. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san sana'ar, domin irin wannan dace sau ɗaya yake zuwa wa yawancin kamfanoni, idan ma ya zo. Inda Celador ya yi abin a zo a gani bayan nan shi ne fim. Reshensa na fina-finai ya fitar da Dirty Pretty Things a 2002, labarin baƙin haure a Landan wanda Steven Knight ɗin nan ya rubuta, Chiwetel Ejiofor kuma ya fito a matsayin likita ɗan Najeriya da ke tuƙin tasi da rana yana aikin otal da dare. Sai The Descent a 2005. Sai kuma Slumdog Millionaire a 2008, wanda aka yi tare da Film4, reshen fina-finai na Channel 4, Danny Boyle ya ba da umarni, aka gina labarinsa a kan wasan kacici-kacicin kansa kamar yadda ake yin sa a Indiya. An kashe kimanin dala miliyan 15 a kansa, ya kusa ƙarewa a faifai ba tare da ya shiga sinima a Amurka ba saboda an rufe reshen kamfanin da ya ɗauki rarraba shi, amma daga bisani ya tara fiye da dala miliyan 370 ya kuma ci lambobin Oscar takwas a 2009. Shi kuwa Knight daga baya shi ne ya ƙirƙiro shirin talabijin mai dogon zango Peaky Blinders, abin da ke nuna irin mutanen da ƙaramin kamfani ya tara a ɗaki ɗaya.

Kafin fitowar wannan fim Smith ya riga ya sayar da saniyar. A ƙarshen 2006 wani kamfanin ƙasar Holan mai suna 2waytraffic ya sayi tsarin Millionaire da sauran tsare-tsaren Celador a kan fam miliyan 106, sannan a 2008 kamfanin Sony ya haɗiye 2waytraffic ɗin. Sashen da ke shirya sauran shirye-shiryen talabijin kuma manajojinsa ne suka saye shi, ya koma aiki da sunan CPL Productions. Ina ganin lokacin sayarwar ya yi daidai, domin farin jinin shirin a Birtaniya ya fara raguwa, kuma kasuwar sayen kamfanoni tana tashe. Dalilin tashen shi ne dokar sadarwa ta 2003, wadda ta tilasta wa manyan tashoshin Birtaniya su bar wa furodusoshi masu zaman kansu haƙƙin ayyukansu, tasha ta sayi izinin nunawa kawai na wani lokaci. Abin da Celador ya samu da wayonsa a 1998 sai ya zama haƙƙin kowa, ƙananan kamfanoni suka wayi gari da kadarar da za a iya yi wa farashi, masu zuba jari suka shigo, aka fara haɗe su cikin manyan rukunoni irin su All3Media da Shine. Da yawa daga cikin kamfanonin da har yanzu ake kira masu zaman kansu a Birtaniya mallakar manyan kamfanonin Amurka da Turai ne.

Wannan batu yana da alaƙa da abin da ke faruwa a masana'antar shirye-shiryen Hausa, inda tun bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014 da yaɗuwar fina-finai masu dogon zango a YouTube, tambayar wa ke da shiri, tashar da ta nuna ko kamfanin da ya shirya, ta zama tambayar da ke raba mai samun lada sau ɗaya da mai cin moriyar aikinsa shekara da shekaru. Na Najeriya na Millionaire kuma ya nuna raunin dogaro da mai ɗaukar nauyi guda, domin da MTN ya janye a 2017 shirin ya tsaya, sai a 2022 ya dawo da wasu masu ɗaukar nauyin.

Shi kuwa sunan Celador bai ɓace nan take ba. Smith ya juya ga harkar rediyo, ya tara ƙananan tashoshi a kudancin Ingila, yawancinsu a ƙarƙashin sunan The Breeze, har zuwa 2019 da kamfanin Bauer ya saye su. ITV ta dakatar da shirin kacici-kacicin a 2014 bayan Chris Tarrant ya ajiye aikin, sannan ta dawo da shi a 2018 don cikarsa shekara 20, Jeremy Clarkson yana gabatarwa. Kamfanin da aka ba aikin shirya shi a wannan karo shi ne Stellify Media, wanda Sony ke da hannun jari a cikinsa, kuma hedikwatarsa tana Belfast, garin da Paul Smith ya fito.